Sabi'u da Tsohuwar da ke Mutuwa Kafin Gada

Malam Sabi'u ɗan Jandutsi ne, amma a Jega ya yi rayuwarsa, kuma a Jega na san shi. Iyayensa manoman gero da albasa ne. Shi kuwa tun yana saurayi ya gane cewa ya fi son ganin albasa a bayan mota da ganinta a cikin ƙasa, saboda haka ya ajiye fartanya ya bi manyan motocin da ke lodi a Aliero suna gangarawa Kudu. Ya yi shekaru yana tuƙa wa mutane, har ranar da wata gingimari ta kwanta da shi a cikin kwari, ƙafarsa ta hagu ta karye. Masu ɗori na Aliero suka haɗa ta, ta kama, sai dai ta fito ta ɗan gaza 'yar'uwarta tsawo. Daga nan bai sake hawa babbar mota ba. Ya tattara abin da ya samu ya sayi wata Fijo da ta riga ta ga duniya, mai launin da ba zan iya yin rantsuwa a kansa ba, ya sa mata suna Tsohuwa, ya shiga jigilar mutane tsakanin Jega da Maiyama.

Mutum ne marar yawan magana. Abin da yake faɗa wa motarsa a yini ya fi wanda yake faɗa wa fasinjojinsa a mako. Allurar da ke nuna yawan mai ta daɗe da mutuwa, don haka yana da wata siririyar sanda da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujerarsa. Kowace yamma idan ya dawo gida sai ya buɗe tanki ya zura ta, ya duba inda jiƙa ta tsaya, ya rufe, ya san abin da zai wayi gari da shi. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, kuma da gurguwar ƙafa babu wanda zai sake ba shi babbar mota.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi an yi ta sauye-sauyen ma'aikata, ni ma aka ba ni shugabancin wata makarantar firamare ta 'yan mata a Maiyama. Gidana da 'ya'yana suna Jega, ban ga dalilin tashi ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zauna da Sabi'u suka daidaita: kullum bayan asuba zai fara ɗaukata a ƙofar gida, ya biya tasha ya kwashi mahauta da 'yan kasuwar da suka saba binsa, mu wuce. Haka muka yi ta yi lafiya lau, har shekarar da man fetur ya yi wuya, gidajen mai suka bushe, kowa ya koma saye galan-galan a hannun 'yan bumburutu.

Da ɗari ya shigo a shekarar nan sai Tsohuwa ta tsiro da wata ɗabi'a. Da asuba ana murɗa makulli take tashi, babu gardama. Ta zo ta ɗauke ni, ta biya tasha, ta fita gari tana tafiya kamar amarya. Ana hango gadar da ke kan hanyar Maiyama sai ta fara tari, ta fizga, ta sake fizga, ta mutu. Sabi'u ya murɗa makulli, shiru. Maza su sauka su tura, shiru. Daga nan ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa zuwa baya, ya buɗe tanki ya auna, ya ga mai yana nan, ya rufe, ya dawo ya zauna ya yi bisimilla. Ya murɗa, ta yi 'yar jayayya, ta tashi. Shi ke nan kuma, har faɗuwar rana ba za ta sake yin ko atishawa ba.

Akwai abu guda da na lura da shi tun ranar farko. Duk lokacin da ya kwance murfin tankin sai in ji wani ɗan sauti mai tsawo, daidai da tsakin yarinyar da aka aika ba ta so. Na yi shekaru ina hukunta yara a kan wannan sauti, don haka abin da kawai na fahimta daga gare shi shi ne motar ba ta da tarbiyya.

Dole in bayyana halin da na shiga. Ni ce na kafa dokar rufe ƙofar makaranta da zarar an buga ƙararrawa, kuma ni ce na ce duk wadda ta makara ta tsince ganyen da ke filin taro kafin ta shiga aji. Yanzu sai ga ni kullum ina ratsa tsakiyar masu tsintar ganye da jakata a hammata, suna durƙusawa suna cewa, "Ina kwana, Malama," da wani irin ladabi da ya fi zagi zafi. Amma ni kunya kawai nake sha. Sabi'u abincinsa ne ke tsiyayewa, domin mahauci ba ya jiran mota, ɗan kasuwa ma haka. Ɗaya bayan ɗaya suka fara komawa wasu motocin.

Ban taɓa tuƙi ba, kuma ban san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, amma wannan bai hana ni ɗaukar ragamar binciken ba. Na yi nazari na yanke cewa sanyi ne ke daskarar da man, kamar yadda yake yi wa man shanu. Na umarci a riƙa zuba wa injin ruwan zafi. Sabi'u ya ce, "To, Malama," ya zuba, ta mutu a inda ta saba. Na ba da bargona na ulu aka riƙa lulluɓa mata da daddare kamar mai jego. Ta mutu a inda ta saba, bargon kuma ya koma na kanikawa. Daga ƙarshe na ce laifin gaggawa ne, a bar ta ta daɗe tana aiki a tsaye har jikinta ya yi ɗumi kafin a kama hanya. Wannan shawara ta kawo canji, ba zan ɓoye ba: maimakon ta mutu a bakin gada inda babu kowa, sai ta mutu a ƙofar gidana, a gaban maƙwabta.

Shi kuma Sabi'u yana ta zarya wajen Ɗanlami, wani bakanike da ke aiki a gindin darbejiya a bayan tasha. Ɗanlami ya san aikinsa, kuma a shekarar nan hancinsa ne kayan aikinsa na farko. 'Yan bumburutu suna gauraya fetur da kananzir, don haka duk motar da aka kawo masa, kafin ya taɓa sifana sai ya buɗe tanki ya sansana. Ya wanke kafireto. Ya sauya fulogogi. Ya sauya kwantak, ya busa tiyon mai da bakinsa har idanunsa suka yi ja. Da abin ya ƙi, ya ce a bar masa ita ta kwana a gareji ya gani da idonsa. Da asuba ya zo, ya buɗe tanki ya sansana kamar yadda ya saba, ya tayar da ita, ya tafi har garin Alelu ya dawo ba ta ko yi tari ba.

"Kawu," in ji shi, "wagga mota lahiyarta lau. Ka dai duba wa kake ɗauka."

Maganar nan ta isa tasha kafin Sabi'u ya isa. A ranakun da babu makaranta ba ya fita sai rana ta ɗaga, kuma a lokacin ba ta taɓa mutuwa ba. A hannun Ɗanlami ma ba ta mutu ba. Masu lissafin tasha suka haɗa wannan da wancan suka gano abin da ya bambanta safiyar mutuwa da ta rayuwa, wato ni. Kyauta mahauci, wanda shi kaɗai ya rage a cikin tsofaffin fasinjoji, shi ya kawo mini labarin, yana zaune a gaba da wuƙaƙensa naɗe a buhu.

"Malama, an ce ke taka tsoro. Yadda ɗiyan makaranta ka daskarewa in sun gan ki, haka ita ma."

Na ce, "Malam Kyauta, ƙarfe ba ya jin tsoro."

"To ki ɗan yi mata murmushi mana, ko ta samu ta ƙetare gada. Mi za ki rasa?"

Ban yi murmushin ba, ta kuwa mutu. Washegari na aika cewa ba ni da lafiya, na zauna a gida, ina jiran labari kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da hantsi aka zo aka ce Tsohuwa ta mutu a bakin gada ba tare da ni ba. Na ji daɗin wannan labari fiye da yadda ya dace da mace mai shekaruna.

Sabi'u bai ji daɗi ba. Ɗan abin da ya ajiye ya ƙare a sayen kayan gyara, Kyauta ma daga ƙarshe ya ba shi haƙuri ya koma wata motar. Ranar wata Juma'a labari ya iske ni cewa Alhaji Waliyyu, wani babban manomin albasa na Aliero, ya taya Tsohuwa a kasuwa. Ba motar yake so ba, injin yake so, a cire a ɗora shi a fadama ya riƙa jan ruwa, gangar jikin kuma a sayar wa maƙera. Bayan la'asar na yafa mayafi na nufi gidan Sabi'u, da hujjojina a jere, domin in hana shi.

Na tarar da matarsa Gudiya a tsakar gida. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk Jega an san kwalbarta ba ta yoyo. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana ɗura mai, tana ɗora leda a bakin kowace kwalba, ta ɗaure da zaren roba ta ja har ya yi ƙara. Sabi'u yana gefe a kan tabarma ya miƙe gajeriyar ƙafarsa. Bayan gaisuwa na fara da hujja ta farko.

Ya bari na kai ƙarshenta, sannan ya ce, "Malama, na riga na sallama. Gaban shaidu. Gobe da swahe zan kai mai ita."

Wanda ya san kasuwa ya san abin da wannan kalma ke nufi. Ko sisi bai shiga hannunsa ba tukuna, amma motar ta tashi daga tasa. Na maido da sauran hujjojina inda na ɗauko su.

Gudiya ce ta karɓe zancen, ba tare da ta ɗaga kai daga kwalbarta ba. "Ki bar ta ta tahi, Malama. Marar godiya. Ba abin da ban yi ma wagga mota ba. Wanka, ni. Shara, ni. Kujerun da suka yage, ni na ɗinke. Har murfin tankinta da ya huje, ni na liƙe mata, ban ko gaya ma kowa ba."

Sabi'u ya juyo a hankali. "Wane murhi?"

"Na mai mana. Kullum in ka aje ta da marece sai warin fetur ya cika zaure. Na ce mai da wagga tsada, iska ka shan shi kyauta? Na duba, sai ga ɗan rami kamar na allura. Na kwaɓa ƙaro da sabulu na cushe shi ta ciki. Tun ran nan ka ƙara jin wari?"

"Yaushe ke nan?"

"Farkon ɗari."

Ta ci gaba da tsiyaya mai a mazurari. Gudiya ba ta yi wani abin da ya saɓa wa hankali ba. A sana'arta murfi mai rami murfi ne da ya lalace, ko mai ya zube ko tururuwa ta shiga, kuma matar kirki ba ta jiran a ce mata ta gyara abin da ta ga ya ɓaci a gidanta.

Ni kuwa a wannan lokacin wani darasi ya faɗo mini, wanda na koyar a aji huɗu sau ba adadi: gwangwanin madara ba ya zuba da kyau sai an huda shi wuri biyu, ɗaya madara ta fita, ɗaya iska ta shiga. Tankin da aka rufe da zafin yamma, ya kwana yana hucewa, ba ta inda iska za ta shiga ta cike gurbi. Da asuba motar ta tashi da ɗan man da ya kwana a kusa da injin, ta ja na tanki ya ƙi zuwa, ta mutu. Sabi'u ya buɗe don ya auna, iska ta kutsa da tsakin nan da na ɗauka rashin kunya ne, hanya ta buɗe. Ɗanlami kuwa kullum da hancinsa yake warkar da ita kafin ya fara neman cutar. Da rana ana ta buɗewa ana zuba galan, ba ta samun damar shaƙewa. Ranakun hutu kuma rana ce ke ɗumama tankin kafin ya fita.

Na gyara zama na ce, "Malam Sabi'u, a ɗauko mini gwangwanin madara da ƙusa, zan nuna muku wani abu."

Babu wanda ya ɗauko. Sabi'u ya riga ya miƙe, ya ce wa Gudiya ta ba shi allura, ya ɗingisa waje. Na ƙarasa bayanina ga Gudiya ita kaɗai, tun daga nauyin iska har zuwa ƙarshe. Ta saurare ni da haƙuri, sannan ta tambaye ni ko kwalba nawa zan tafi da ita.

Ramin ya buɗe, amma babu mai iya tabbatarwa sai an kwana. Washegari Asabar ce, babu makaranta, na ce zan bi shi Aliero. Ya zo da sanyin asuba, bai taɓa tankin ba. Muka fita gari. Muka kai daidai nisan da ta saba mutuwa, ta wuce. Muka ƙara gaba, tana tafiya sumul, gonakin albasa suna wucewa dama da hagu, kore shar. Ban taɓa jin tafiya mai daɗi da baƙin ciki irin wannan ba: safiyar farko da ta yi lafiya, ita ce safiyar kai ta mahauta.

A hanya na tsara wa Sabi'u jawabin da zai yi wa Alhaji, kashi uku. Na farko yabo, na biyu tarihin ƙafarsa da iyalinsa, na uku falalar wanda ya yafe wa ɗan'uwansa ciniki. Na kuma ba shi shawarar kada ya yi saurin ambaton cewa motar ta warke, ya bari sai an tambaya. Ya ce, "To, Malama."

Muka tarar da Alhaji Waliyyu a rumfarsa, tsakanin buhunan albasa, babban mutum mai furfura da ƙaramar murya. Na zauna a mota, na sauke gilashi don in ji yadda ɗalibina zai yi. Sabi'u ya durƙusa suka gaisa, ya ajiye makulli a kan tabarma.

"Alhaji, ga mota. Amma wadda na sallama maka marar lahiya ce, wagga kau ta warke jiya. In ka ce in bar ta, taka ce. In ka yahe min cinikin, na gode."

Iyakar jawabin ke nan. Babu yabo, babu ƙafa, babu falala.

Alhaji ya dube shi. "Mi ya warkar da ita?"

"Allura."

Ya ba shi labarin a taƙaice. Alhaji bai yi dariya nan take ba. Ya ce ya riga ya sa an yi dakalin da za a ɗora injin, ya kuma kira wanda zai cire shi, ruwa kuwa albasa ba ta jira. Ya tashi ya zagaya motar, ya kwance murfin tankin ya ɗaga shi sama yana leƙen ɗan ramin da ido ɗaya. Sai a lokacin kafaɗunsa suka fara rawa.

"Sabi'u ɗan Jandutsi, kai da kanikawan Jega duka, mai ƙuli-ƙuli ta kashe ku da sabulu." Ya maida murfin. "Ni mushe na saya in feɗe. Mai rai ba ni yanka ta. Na yahe maka. Amma dakalina ba ya tashi banza: duk ranar kasuwar Jega kai ka ɗaukar min albasa, har kakar albasa ta ƙare."

"Na yarda, Alhaji."

"To fara yau, akwai mai jira."

Na buɗe baki domin in yi godiya a madadin ɓangaren ilimi, amma kafin in haɗa jimlar farko an buɗe ƙofar da ke kusa da ni. Aka cika but, aka cika kujerar gaba, aka jera buhu biyu a gefena, aka roƙe ni in ɗan matsa. Haka na koma Jega a manne da ƙofa, da buhun albasa a kan rabin cinyata, idanuna suna ruwa. Sabi'u ya hango ni ta madubi ya ce, "Malama, kada ki yi kuka, ai an bar muna ita." Na ga babu amfanin gyara masa fahimta.

Ya cika alkawarin Alhaji har ƙarshen kaka, fasinjojinsa kuma suka dawo da kaɗan-kaɗan, Kyauta a kan gaba. Ya ci gaba da tuƙa Tsohuwa har bayan na yi ritaya, lokacin da idanunsa suka fara gazawa da hasken fitilun manyan motoci. Da kansa ya ajiye tuƙi, ba a ce masa ya bari ba. Ya koma Jandutsi ya zauna kusa da 'yan'uwansa, ya ba ɗan ƙanensa motar, da sharaɗin duk Juma'a ya zo ya kai shi masallaci a cikinta. A kujerar gaba yake zama, hannunsa a kan gwiwa, ƙafarsa ta hagu tana taka kulocin da babu shi a duk inda ya kamata a sauya giya. A can ya rasu, Allah ya gafarta masa, aka kai shi makwanci a gefen gonar da ya gudu ya bari yana saurayi.